Yadda Ake Hawa Dutsen Bhimashankar da Ƙafa a Lokacin Damina

Duk ɗalibinmu da ya zauna a Pune ko Mumbai a ƙasar Indiya ya san abin da ke faruwa da zarar ruwan watan Yuni ya sauka. Duwatsun Sahyadri, waɗanda suka yi watanni a ƙone kamar gindin tukunya, cikin mako biyu sai su yi kore shar, ruwa ya riƙa zubowa ta kowace kafa, 'yan ajinka kuma su hana ka sakat da maganar hawan dutse a ƙarshen mako. Idan za ka amsa musu sau ɗaya tak kafin ka gama karatu ko jinya ka koma gida, shawarata ka zaɓi Bhimashankar.

Wurin yana gundumar Pune a jihar Maharashtra, a kan tsauni mai tsayin kusan mita 1,000 daga teku. A can ƙoli akwai tsohon ɗakin bautar Shiva, ɗaya daga cikin wurare 12 da mabiya addinin Hindu ke kira Jyotirlinga, waɗanda suke girmamawa fiye da sauran wuraren bautarsa. Kewaye da shi daji ne da gwamnatin jihar ta killace a 1985, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 131. Akwai kwalta har bakin wurin, amma masu tafiya da ƙafa ta bayan dutsen suke hawowa, daga ƙauyen Khandas da ke can ƙasa a kwarin Konkan. Wato kusan duk tsayin nan da ƙafarka za ka ci shi. Wanda iyakar hawansa Dutsen Dala ne ya sa wannan a ransa tun yanzu.

Da farko: zaɓi rana, kuma ka yarda za a iya fasawa

Damina a can daga Yuni take zuwa Satumba, amma ba irin tamu ba ce da hadari zai haɗu, a sheƙa na awa biyu, gari ya washe. Ruwan Sahyadri yakan yi kwana uku yana zuba babu ƙaƙƙautawa, Yuli kuma shi ne gangariyarsa. Na fi son ƙarshen Agusta zuwa Satumba: ƙoramu na gudu, daji na nan da korensa, furanni sun fara buɗewa, ruwan sama kuma ya rage fushi.

Abu biyu za ka duba kafin ka sa rana. Na ɗaya, sanarwar hukumar hasashen yanayi ta Indiya, wadda ke amfani da launi huɗu: kore, rawaya, ruwan lemo da ja. Ka duba na gundumomin Pune da Raigad duka, domin a Raigad za ka fara, a Pune ka ƙare. In ka ga ruwan lemo ko ja, ka zauna a ɗaki ka sha shayinka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wannan yankin ne fa a ranar 30 ga Yulin 2014 ƙasa ta zaftaro bayan mamakon ruwa ta binne ƙauyen Malin, mutum fiye da 150 suka rasu. Na biyu, sanarwar ma'aikatar gandun daji, wadda takan rufe wasu hanyoyi da magangarun ruwa a tsakiyar damina. In hanya a rufe take, kada ka biye wa mai cewa ya san wata ɓarauniyar hanya. Baƙon da ke zaune da biza ba shi ne zai yi wasa da dokar daji ba.

Ka kuma guji ranakun Litinin na watan Shravan, wanda yawanci yakan faɗo tsakanin ƙarshen Yuli da Agusta. Wata ne na Shiva, Litinin kuma ranarsa, don haka cunkoso yakan kai a ajiye motoci nesa da gari. Talata zuwa Alhamis sun fi sauƙi.

Kayan da za ka ɗauka

Takalmi ne kan gaba, kuma a nan mutanenmu suka fi yin kuskure. Duwatsun hanyar baƙaƙe ne, gansakuka ta lulluɓe su, santsinsu kamar an zuba miyar kuɓewa. Kana buƙatar kambas mai ƙasan roba mai zurfin zane, wanda ka riga ka saba da shi. Sabon takalmi zai sale maka dunduniya kafin azahar. Silifas kuwa ka sa su a jaka don komowa.

Kada ka wahalar da kanka wajen neman yadda ba za ka jiƙe ba, za ka jiƙe sharkaf ko da me ka rufa. Abin nema shi ne tufafin da ke saurin bushewa: wando mara nauyi mai kaiwa idon sawu, riga mai dogon hannu, doguwar safa. Wandon jins in ya sha ruwa nauyinsa ya isa kaya, ga gurzar cinya. Rigar ruwa ta leda wadda ke rufe mutum da jakarsa ta fi laima amfani nesa ba kusa ba, saboda iskar saman dutse takan juya laima, kuma akwai wuraren da hannu biyu za ka buƙata. 'Yan'uwa mata su nemi ɗan ƙaramin hijabi mara santsi su cusa shi cikin riga, su sa wando a ƙarƙashin riga mai kaiwa gwiwa. Dogon mayafi da abaya reshe zai kama su.

A cikin jaka, kowane abu ya shiga ledarsa: busassun kaya cikakku na canzawa, ƙaramin tawul, tocila mai sabon batir, waya, da kwafin fasfo da biza da takardar izinin zama. Ruwan sha lita biyu. Dabino, gyaɗa, ayaba, biskit. Ƙullin gishiri, filasta, bandeji, maganin ciwon jiki, da garin gishiri da sukari na haɗa ruwa saboda ɗaurewar jijiya. Kuɗi kuma a hannu, ƙananan takardun rupi, domin sabis yana ɗaukewa a hanya, biya ta waya ba abin dogaro ba ne. Lambar gaggawa a Indiya 112 ce. Ka gaya wa wani a gari hanyar da za ku bi da lokacin da zai sa ran kiranka. Kada ku kasa mutum uku.

Isa Khandas

Tashar jirgin ƙasa da ake sauka ita ce Karjat, a kan layin da ya haɗa Mumbai da Pune. Daga Mumbai jiragen cikin gari na zuwa har can, tafiyar kimanin awa biyu. Daga Pune ka hau jirgin da ke gangarawa Mumbai ta Lonavala, ka tabbatar yana tsayawa Karjat. Abin da ya fi shi ne ka isa da daddare ka kwana, domin so ake ƙarfe 7 na safe ta same ka a gindin dutse.

Daga Karjat zuwa Khandas kimanin kilomita 30 ne, ta garin Kashele. Ku yi shatar mota ko a-daidaita-sahu tun daren, ku yi ciniki ku gama kafin a tashi. Za ka ji kamar kana Kano, kuma da dalili: kamfanin Bajaj da ke ƙera da yawa daga cikin kekunan da ke yawo a titunanmu a Pune hedikwatarsa take.

A Khandas ka karya kumallo. Nemi poha, wato daddakakkiyar shinkafa da aka soya da albasa da gyaɗa da kurkum, ka kora da shayi. Sannan ka ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen. Wasu na ganin ɓarnar kuɗi ce tunda hanyar sananniya ce, amma baƙo ko da ido makaho ne, balle in hazo ya rufe. Ɗan ƙauyen kallo ɗaya zai yi wa ƙorama ya san ko tana tsallakuwa. Ka kira shi "dada", wato yaya, in dattijo ne "kaka", wanda a harshen Marathi baffa yake nufi. Mace mai sayar da shayi "tai" ko "maushi". Da waɗannan da "namaskar", wato gaisuwarsu, za ka ga fuska ta saki.

Mararraba: dama za ka bi

Bayan ɗan tattaki a kan titi daga ƙauyen za ka haye wata gada, hanya ta rabu biyu. Hagu ita ce Shidi Ghat, dama Ganesh Ghat. "Ghat" na nufin hanyar ratsa dutse, "shidi" kuma tsani. Sunan ya faɗi komai: hanyar hagu gajeriya ce, amma sai an hau tsanukan ƙarfe da aka jingina a jikin dutse, a kuma rarrafa ta wata gaɓa mai rami a gefe, ruwa na dukan ka a ka. Matasa na son ta saboda hoto. A damina, ga wanda bai taɓa yi ba, ban yarda da ita ba ko kaɗan, saukowa ta nan kuwa ko ƙwararru na guje masa. Bi Ganesh Ghat. Ta fi tsawo, awa 5 zuwa 6 ga wanda bai saba ba, amma sannu ba ta hana zuwa.

Kashi na farko hawa ne a cikin bishiyoyi har zuwa wani ƙaramin ɗakin bautar Ganesh, abin bautar nan mai kan giwa, wanda hanyar ta ci sunansa. Kimanin awa ɗaya ne. A nan numfashi ke fara gardama, saboda zafi da gumi na kwarin Konkan. Kada ka yi tseren banza da 'yan makaranta. Gajerun taku, ka sa tafin ƙafa gaba ɗaya a kan dutse, ka huta minti biyar duk bayan minti arba'in, ka kurɓi ruwa ko ba ka jin ƙishi. Inda ka ga dutse ya yi kore, taka gefensa inda ƙasa ko tsakuwa take. Saiwar bishiya da ta jiƙe ta fi dutsen ma santsi.

Daga nan hanya za ta fito da kai wani shimfiɗaɗɗen fili a tsakiyar tsaunin, kuma wannan ne sashen da ya fi komai daɗi. Ga tsinin dutsen Padargad a tsaye, hazo na rufe shi yana buɗewa. Ga bangon Sahyadri a gabanka, farin ruwa na saukowa layi-layi kamar an shanya rawuna. Ƙananan ƙaguwa na gudu a ƙarƙashin ƙafarka. Tafiyar a nan kusan a miƙe take, ana ta tsallake ƙoramu.

Dokar ƙorama ɗaya ce, kada ka karya ta: in ruwan ya wuce gwiwa, ko ya rikiɗe ya yi ja yana tafe da ganye da itace, ba a shiga. Alama ce an yi ruwa mai ƙarfi a sama, kuma zai iya ƙaruwa cikin 'yan mintuna. Ku koma tudu ku jira, sau da yawa yana janyewa kamar yadda ya zo. In mai tsallakuwa ne, kada ka cire takalmi, ka kwance igiyar jaka ta ƙugu, ka fuskanci inda ruwan ke fitowa, ka dogara da sanda, ku haye ɗaya bayan ɗaya. Hoto a bakin magangara kuwa ya ci rayuka da yawa a waɗannan duwatsun.

Matsattsaku, birai da kuregen sama

Matsattsaku za su same ka, ka sa a ranka. Ba a cikin ruwa kaɗai suke ba, a kan jiƙaƙƙen ganye suke jira. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, ka duba idon sawunka a duk hutu. In ka ga ɗaya ya kama, kada ka fizge shi. Sa farce a gefen bakinsa ka ture shi a hankali, ka yar. Mutanen wurin gishiri suke barbaɗa masa ya faɗi, yana kuma aiki. Jinin zai ɗan daɗe yana zuba saboda yawunsa na hana jini daskarewa, wannan ba abin tsoro ba ne: wanke, danne da ƙyalle, manna filasta. Kada ka sosa bayan kwana biyu in ya fara ƙaiƙayi.

Birai sun fi su fitina, musamman kusa da ƙoli inda suka saba da mutane. Ledar da ke hannu a wurinsu abinci ce. Kome ya shiga jaka, kada ka ba su, kada ka zuba musu ido. Maciji akwai, shi ya sa ba a cusa hannu a ramin dutse ko a kauce hanya cikin ciyawa. In tsautsayi ya faɗa, a hana mutumin motsi a nemi asibiti, ban da tsaga ko tsotsa ko ɗaurewa tamau. Damisa ma na cikin dajin, sai dai ita ke gudun mutane da rana.

Wanda za ka so gani shi ne shekru, ƙaton kuregen bishiya wanda shi ne dabbar da jihar Maharashtra ta ɗauka tambarinta, kuma kare shi na cikin manyan dalilan killace dajin. Daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya yakan kusa mita guda, bayansa ja mai duhu, cikinsa ruwan madara. Da wuya ya sauko ƙasa, a can ƙololuwa yake gina sheƙarsa da ganye. Kafin ka gan shi za ka ji shi, wani ƙara mai sauri kamar ana kaɗa gwangwani. In kun ji, ku yi tsit ku ɗaga kai. Masu tafe da kiɗa a lasifika ba sa ganinsa har su sauka.

Hawan ƙarshe

Kusa da 'yan bukkokin Padarwadi hanyoyin biyu suke haɗuwa. Akan sami rumfar shayi, wani lokaci da ruwan lemon tsami ko gasasshiyar masara. Ku zauna ku ci wani abu, domin abin da ya rage shi ne mafi tsauri: hawa a tsaye cikin duhun daji, awa ɗaya da rabi zuwa biyu, gwiwa na rawa.

A nan za ku duba agogo ku gaya wa kanku gaskiya. In ƙarfe 1 ta wuce ba ku bar Padarwadi ba, ko wani ya gurɗe, ku tambayi jagora ko juyawa ta fi. Rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 7 a Yuli da Agusta, amma a ƙarƙashin waɗannan bishiyoyi da hazo, biyar da rabi ta yi kama da magariba. Yayin da kuke ƙara sama iska za ta yi sanyi, hazo ya yi kauri har na gabanka ya ɓace a taku goma. Kada kowa ya wuce inda muryarsa za ta kai na baya. Mafi rauni a tsakiya, mai ƙarfi a ƙarshe.

Ga Musulmi, wuri mafi dacewa da salla shi ne wani fili kafin a shiga garin, nesa da harabar bautar mutane. Alƙibla daga nan yamma take, ta ɗan karkata arewa kaɗan. Ruwan alwala kuwa ba sai an nema ba. Wanda ya taso daga Pune ko Mumbai ya yi nisan da ake ƙasaru.

A ɗakin bautar

Abin mamaki, bayan duk wannan hawan, gangarawa ake yi zuwa ginin. Yana cikin wani ɗan kwari, ana sauka ta matakala fiye da 200, rumfuna hagu da dama suna sayar da furanni, kwakwa, alewar madara da saiwoyin magani. Kafin ka sauka, nemi wuri ka canza kaya. Bai dace ka shiga cikin masu ibada da taɓo har gwiwa ba, kuma sanyi na kama jiƙaƙƙen jiki da zarar an daina tafiya.

Ginin na baƙin dutse ne mai sassaƙa, da hasumiya irin ta salon Nagara na arewacin Indiya. Nana Phadnavis, babban waziri a daular Maratha, shi ya yi masa gyara da ƙari a ƙarni na 18. Ka nemi wata ƙatuwar ƙararrawa a harabar: ta cocin Turawan Fotugal ce, Chimaji Appa, wani kwamandan yaƙin Maratha, ya kawo ta bayan ya ƙwace sansanin Vasai daga hannunsu a 1739. Masu wurin sun yi imani cewa a nan Shiva ya hallaka wani ƙaton aljani, gumin da ya zubo daga jikinsa ya zama kogin Bhima. Kogin dai a nan yake farawa, ya bi ta Pandharpur, ya yi tafiyar fiye da kilomita 800 kafin ya faɗa kogin Krishna.

Kai baƙo ne mai kallo, ka tsaya a matsayinka. Takalmi a cire inda kowa ke cirewa. Kafaɗa da gwiwa a rufe. Kada ka ɗauki hoton mai ibada ba da izininsa ba, a ciki kuwa ka mayar da waya aljihu. Layin da za ka gani na masu shiga can ƙurya ne don yin bauta, babu abin da zai kai ka cikinsa, daga harabar waje za ka ga ginin sarai. Akwai wuraren bautar Hindu da ba a barin wanda ba Hindu ba ya shiga, kamar na Jagannath a Puri, saboda haka ko'ina ka je ka tambayi mai gadi iyakar inda za ka tsaya. In an miƙo maka prasad, wato abincin da aka gabatar wa abin bauta, ko aka so shafa maka jan gari a goshi, ɗora hannun dama a ƙirji ka yi murmushi ka girgiza kai. Suna ganewa, ba sa jin haushi. Muhawarar addini kuma ka bar ta a hostel.

In da sauran lokaci da ƙarfi, kuma hanyar a buɗe take, akwai tattakin kusan rabin awa ta bayan ginin zuwa Gupt Bhimashankar, inda kogin ke sake ɓullowa a cikin daji. Nagphani, ƙololuwar da ke kallon kwarin Konkan, a damina yawanci farin hazo kawai za ka tarar, ban ga amfanin wahalar ba.

Abinci da komawa

Abincin wurin babu nama, wanda ya sauƙaƙa wa mai tunanin yanka. Nemi pithla da bhakri: miya mai kauri ta garin wake da gurasar dawa ko gero ko shinkafa, da ɗanyar albasa a gefe. Bayan awa shida a cikin ruwa, za ka rantse daga gida aka aiko maka. Ka ci mai zafi, ka sha ruwan gora.

Kada ka koma ta inda ka fito. Saukowa a kan jiƙaƙƙen dutse da gajiyayyar gwiwa, ga duhu na tafe, nan ne aka fi faɗuwa. Motocin gwamnatin jiha, waɗanda kowa ke kira ST, suna tashi daga tashar da ke saman matakalar zuwa Pune ta Ghodegaon da Manchar, tafiyar fiye da kilomita 100, kimanin awa huɗu saboda kwane-kwane da hazo. Da isarka sama, kafin ma ka sauka wajen ginin, fara zuwa tashar ka tambayi lokacin motar ƙarshe, ka kuma kasance a wurin kafin ƙarfe 5. Mai komawa Mumbai, in bai sami mota kai tsaye ba, ya sauka Manchar ko Pune ya canza. Jiƙaƙƙen takalmi a ƙulle shi a leda, a sa silifas, mai amai a mota ya nemi kujerar gaba kusa da taga. Kafin ka zauna, ka sake duba bayan gwiwa da tsakanin yatsun ƙafa, domin akan sami matsattsaku ɗaya da ya biyo mutum har cikin mota.